Fatsa, mari-mari, kalli ko gura: da wanne za a fita kamun tarwaɗa da dare a tabkunan Damagaram?

Tun da hotunan masu kamun kifi a bakin teku suka fara yawo a salula, matasa da dama a Zinder suka ƙwallafa rai a kan doguwar sandar nan mai faifan naɗe zare. Sun ga mutum tsaye cikin rairayi da tsakar dare, ya wurga ƙugiya can bayan igiyar ruwa, an jima sai ga shi yana kokawa da shak, kifin tekun nan mai haƙora kamar zarto. Kayan da ke hannunsa don wancan wurin aka ƙera su. Sandar takan kai mita 4 ko ta wuce, don ta iya jefa dalma mai nauyin giram 150 zuwa 200. Dalmar tana da ƙafafun waya masu kama rairayi, kada ruwa ya maido ta gaɓa. Faifan yana cin zare mita 300 saboda kifin yana da filin gudu, kusa da ƙugiya kuma waya ce ta ƙarfe, don haƙoran shak ba sa barin lailon.

Daga nan zuwa teku tafiyar mota ta haura kilomita 1000. Abin da Allah ya ba mu tabkuna ne: Gidimuni a kan hanyar Gure, Lasuri, tabkunan kwarin Korama wajen Magarya da Matamaye, sai ƴan madatsun ruwa. Yawancinsu ba su da zurfi, ƙasansu laka, gefensu kacalla da bado. Babban kifin da ke fita kiwo da dare a irin wannan ruwa tarwaɗa ce, sai gaiwa, sai giwan ruwa a inda aka zuba irinsa. Wanda ke riƙe da kuɗinsa yana shawarar abin da zai saya, a kan waɗannan zai yi lissafi.

Halin tarwaɗa shi ne ke yanke rabin shawarar. Ba da ido take neman abinci ba, da gashin bakinta take shinshina ƙasa, shi ya sa duhu bai dame ta ba, kuma koto mai wari ya fi koto mai kyan gani aiki a kanta. Idan rana ta faɗi takan baro zurfi ta matso gefe, wani lokaci har inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sannan tana hawowa sama ta shaƙi iska. A ruwa mai ɗumi, musamman gab da asuba lokacin da iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci, tarwaɗar da aka riƙe a ƙasa ta kasa hawowa tana iya mutuwa. Gaiwa ma ta fi ta: in ba ta samu ta leƙo sama ba, nutsewa take yi kamar ɗan Adam.

Abin da za a auna

Na farko, kuma shi ya fi kowanne nauyi a wurinmu: kayan zai sa ka shiga ruwa cikin duhu ko kuwa daga tudu za ka yi aikinka? Taɓon tabki yana riƙe ƙafa, ramukan da masu bulo suka haƙa da rani ba a ganinsu bayan ruwa ya rufe su, ga tsargiya da ake ɗauka ta fata a ruwan da ke da katantanwa. Duk kayan da ya tilasta shiga ruwa yana da wani farashi da ba a biya a kasuwa.

Na biyu kuɗi, na saye da na gyara. Yawancin zare, ƙugiya da raga daga Najeriya suke shigowa, ta Kano, saboda haka farashinsu a kasuwar Dole ta Zinder yana bin canjin naira da halin iyaka. Abin da ya fi tsayawa shi ne tazarar da ke tsakanin kaya da kaya, kuma da ita za mu kwatanta. Na uku ƙarko, a ƙasar da rana ke cin lailon, ƙurar hunturu ke shiga duk abin da ke juyawa, ɓera kuma ke gaigayar ragar da ta ji ƙarni. Na huɗu sauƙin koyo da yawan hannun da aikin ke bukata. Na biyar yadda za ka tarar da kifin: tarwaɗa mai rai takan kwana ta yini cikin jiƙaƙƙen buhu ko ɗan ruwa a roba, ka kai ta kasuwa ka yi ciniki da ƙarfinka, matacciya kuwa sai dai a yi maza a yi banda.

Na ƙarshe doka da mutanen wurin. Su, wato kamun kifi, a Nijar da takardar izini ake yinsa, daga ma'aikatan gandun daji. Dokar kamun kifi ta 1998 ta haramta guba, nakiya, lantarki, tarun ja, da duk ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 idan an miƙe shi. Bayan wannan kowane tabki yana da masu shi. Akwai sarkin ruwa ko ƙungiyar masunta, kuma inda aka zuba irin kifi akan rufe su har zuwa ranar da za a sanar. Baƙon da ya je da rana ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, shi ake nuna wa inda rami yake.

Fatsa ta turke

Wannan ita ce mafi arha, kuma ita muka fi so a fara da ita, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Kowace fatsa tana son zaren lailon mai kaurin milimita 0.50, tsawon mita 30 zuwa 40, a naɗe a jikin gorar roba ko guntun katako. Wannan kaurin yana ɗaukar kilo goma sha wani abu kafin ya tsinke, ya isa kowace tarwaɗar tabki. A zura dalma mai huda, giram 30 zuwa 40, ta riƙa zamewa a kan zaren. In babu dalma, tsohon bujin moto ko babban noti yana yi. Bayanta a zura guntun tsohon silifa don ya tare ta kada ta riƙa dukan ƙulli. Sai ƴar mahaɗar ƙarfe mai juyawa, saboda tarwaɗa in ta ji ƙugiya birgima take yi, in babu mahaɗar zaren murɗewa zai yi har ya yi rauni. Daga nan sai guntun zare na santimita 40, mai kaurin 0.40, da ƙugiya a bakinsa. Da gangan ake sa guntun ya fi uwar zaren siranta: in ƙugiya ta maƙale a saiwa, ita kaɗai za ka rasa.

Dalilin dalma mai zamewa shi ne kifi ya ɗauki koto ya tafi da shi bai ji nauyi ba. Babbar tarwaɗa takan tofar da abin da ta ji yana ja da ita.

Ƙugiya kuwa a kula da lamba. A irin wadda ake sayarwa cikin kwali, lamba in ta hau ƙugiya ƙanƙancewa take yi, a irin mai alamar 2/0 ko 4/0 kuma akasin haka ne. Wanda ya rikice ya auna da hannu: tsakanin tsinin da jikin ƙugiyar ya ɗauki kan ƙaramin yatsa. A ja tsinin a kan farce, in ya zame bai kama ba a wasa shi ko a yar.

Ga koto: tana manya guda biyu ko uku a ƙugiya ɗaya, hanjin kaza da ya yini, yankan karfasa, ƙaramin kwaɗo, shinge, garar nan mai fiffike, a lokacinsa. Tana ta fi jan kifi amma ƙananan karfasa da ƴan tarwaɗa kan tsince ta kafin babba ya iso. In ka ɗago sau biyu ka tarar da ƙugiya tsirara, koma wa yankan kifi ko hanji, sun fi zama. Wasu masunta suna sa guntun sabulu, tarwaɗa kuma tana cinsa, ƙananan kifi ba sa damunsa.

Kafin jifa a warware zare mita 20 a kan shimfiɗaɗɗen buhu, kada ya kama ciyawa. A kaɗa dalmar a saki. Mita 10 zuwa 20 daga gaɓa ya isa, kuma wurin da ya fi shi ne bakin ciyawa, inda kacalla ta ƙare fili ya fara, ko inda ƙorama ke zuba. Sai a kafa ɗanyen reshe mai lanƙwasa, kamu huɗu ko biyar, a tsaga kansa a maƙala zaren, a rataya gwangwani da ƴan tsakuwa a ciki. Ragowar zaren a ɗaure shi a turke mai ƙarfi a baya. Mutum ɗaya yana iya lura da huɗu zuwa shida, taku biyar-biyar tsakaninsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Gwangwani ya yi ƙara sau ɗaya, mutum ya fizga, alhali kifin ɗanɗanawa kawai yake. A jira har zaren ya fice daga tsagar ya miƙe. Na biyu haska ruwa da tocila da yawan zirga-zirga a gaɓa, don kifin da ke ruwa kaɗan yana jin takun ƙafa. Na uku ƙulli: lailon in aka ja shi a bushe zafi yake yi ya ƙone daga ciki, sai a jiƙa shi da miyau kafin a tsuke. Na huɗu, kuma wannan rauni ne, naɗa zare a yatsa ko a tafin hannu. Kifin kilo biyar in ya fizga, lailon yanka yake yi kamar reza. A riƙe shi tsakanin yatsu ta kan tsumma.

In kifi ya kamu kada a ba shi zare, don kacalla zai nufa, in ya shige kuwa an gama. A jawo shi a hankali ba tsayawa har ya hau laka, a dafe shi da jiƙaƙƙen buhu ta bayan kai. Ƙayoyin nan biyu na gefen tarwaɗa suna huda hannu, ciwonsu kuma yana saurin ruruwa. Gaiwa bakinta ne abin tsoro. Tana datse guntun zare, tana kuma iya datse yatsa, saboda haka da filaya ake cire mata ƙugiya. Inda gaiwa ta yi yawa a sa guntun siririyar waya, irin ta cikin kebul ɗin birkin keke, kamu ɗaya kafin ƙugiya.

Ƙarkonta ba abin damuwa ba ne, tunda kowane ɓangare kuɗinsa kaɗan ne. Zaren dai a sake shi duk shekara, a kuma ajiye shi a inuwa. Rauninta ɗaya: abin da ƙugiya shida za su kama a dare bai kai a ciyar da gida da shi kullum ba, kuma sai ka zauna kana gadi, kai da sauro.

Sanda mai faifai

Aikinta ɗaya da fatsa, bambancin nisan jifa da birkin faifan, wanda ke sakin zare kaɗan-kaɗan idan kifi ya ja da ƙarfi. Ga giwan ruwa a buɗaɗɗen ruwa wannan birkin yana da amfani na gaske, don kifi ne mai gudu da tsalle. Ga tarwaɗa a bakin ciyawa kuwa, sakin zare shi ne abin da ba a so.

In za a saya, kada a sayi ta bakin teku. Sanda mai mita 2.4 zuwa 3, wadda aka rubuta mata jifan giram 40 zuwa 80, da faifai matsakaici mai cin zaren 0.35 ko 0.40 kamar mita 150, su suka dace da ruwanmu. Doguwar ta mita 4 ba ta jefa ƙaramar dalma da kyau, babbar dalma kuma nutsewa take yi cikin laka ta binne koton. Da dare, a ƙarƙashin itatuwa, tsawon nan wahala ne kawai.

A kuɗi ita ce ta fi tsada idan aka raba da yawan ƙugiya: jikkuna masu yawa a kan ƙugiya ɗaya tak. Kuɗin sanda da faifai masu ɗan kyau sun isa a haɗa fatsa fiye da goma. Masu arhar kuma haƙoran cikinsu na roba ne ko na ƙarfe mai laushi, kifi biyu ko uku masu nauyi sun isa su cinye su. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar faifai. In aka ajiye shi a ƙasa rairayi ya shiga, sai ka ji yana gurza. Yana son a goge shi bayan kowace fita, a ɗiga masa man keken ɗinki, a ɗaure shi cikin leda ko tsohuwar safa. Kayan gyaransa ba kasafai ake samu a nan ba, kan sanda in ya karye a bayan moto sai dabara. Koyon jifa kwana biyu ne ko uku, amma a koya da rana, don warware zaren da ya cukurkuɗe a faifai cikin duhu yana cinye dare.

Mari-mari

Nan aka shigo kayan sana'a. Uwar igiya ce ta lailon saƙaƙƙe, kaurin milimita 2 zuwa 3, tsawon mita 50 zuwa 100, da ƴaƴa rataye a jikinta. Iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a hukunci ɗaya ba.

Mai koto: kowane ɗa santimita 25 zuwa 30, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsu. Ka'idar ita ce tazarar ta fi tsawon ƴaƴa biyu in an haɗa, kada kifaye biyu su sarƙe juna. Mita 100 ke nan tana ɗaukar ƙugiya 50 zuwa 66. A kafa turke a kowane baki, a sa dutse duk bayan ƙugiya goma, da guntun soso ko gorar roba tsakanin duwatsun don koton ya ɗan tashi daga laka. Ana shimfiɗawa kafin magariba, a duba wajen tsakar dare in da hali, a kwashe da asuba. Kada a ɗame igiyar sosai a wuri mai zurfi. In da ɗan sassauci kifin zai iya hawowa ya sha iska, ka tarar da shi da rai.

Marar koto: ƙugiyoyi a jere kusa-kusa, kamar kamu ɗaya tsakani, suna lilo dab da ƙasa, duk abin da ya gifta su kama shi a jiki. Yana kama kifi, ba musu. Amma yana yage da yawa su tsere da rauni, yana kama ƙanana, kuma a tabkin da shanu ke sha, mata ke wanki, yara ke wanka, ƙugiya ɗari biyu a ɓoye cikin ruwa fitina ce da ke jiran rana. Ba mu ba kowa shawarar sa shi a tabkin gari ba.

Kuɗin mari-mari matsakaici ne, kwalin ƙugiya ɗaya da ƙunshin igiya. Uwar igiyar tana shekaru in ana shanya ta a inuwa, ƙugiyoyin ne ke tsatsa, sai a riƙa sauyawa. Wahalarsa koto: sa wa ƙugiya 60 tana ko yankan kifi aikin awa guda ne kullum, ban da neman koton. Ajiyarsa ma sai da tsari, a soke ƙugiyoyin bi da bi a jikin kara ko a soson da aka ɗaura a bakin roba, in ba haka ba gobe sai ka yini kana warwara.

Haɗarin yana wajen shimfiɗawa da kwashewa. Dole sai da jirgi ko gora, babban duman da masunta ke hawa, ko a shiga da ƙafa. Ƙugiya takan kama hannu ko riga alhali dutse ya riga ya nutse da igiyar, sai ta ja mutum ƙasa. Shi ya sa masu yi ke rataya wuƙa a wuya, inda kowane hannu zai kai. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a ruwa ɗaya a gaɓa. Sannan kayan da aka bari ya kwana ba mai gadi, akwai masu riga ka zuwa.

Kalli

Raga ce da ake kafawa a tsaye cikin ruwa, soso a sama dalma a ƙasa, kifi ya zo wucewa kansa ya shige ido ya kasa fita. Girman ido shi ke zaɓen kifi. Yatsa uku shi ne iyakar da dokar 1998 ta sa, mai neman manya kuwa yatsa huɗu ko biyar zai saya. Wajen ɗinka ta a jikin igiya akan tattara ta, raga mita 100 a miƙe ta koma kamar mita 50, don idanun su buɗe. Wanda ya ɗame ta don ta yi tsawo zai ga kifi na dukanta yana komawa.

A yawan kamu kalli ya fi duk sauran, musamman ga karfasa. Ga tarwaɗa kuwa yana da aibi biyu. Ƙayoyinta suna naɗe raga, fitar da guda ɗaya cikin duhu sai an yanka ido biyu ko uku. Sannan kalli yana riƙe kifi a ƙasa. Wanda ya faɗa da farkon dare a ruwan bazara, kafin gari ya waye ya mutu, cikinsa ya fara laushi, mai saye kuma da ya latsa ya gane. Kififiya da tsari su ma suna bin raga, su ci kifin su bar maka rami.

Shi ne mafi tsada a kayan gargajiya idan aka haɗa raga, igiya biyu, dalma da ladan ɗinki. Mai zare ɗaya mai sheƙi ta fi kamu don kifi ba ya ganinta, amma rana tana sa ta karyewa, ɗinkinta kuma da wuya, sau da yawa ba ta wuce shekara. Mai zare murɗaɗɗe ta fi jurewa, tana kuma ɗinkuwa. A tabkin da ke da kututture ko ƙayar da aka yi shingen lambu da ita ruwa ya rufe, dare ɗaya ya isa a yi asarar rabinta. Shiga ruwa kuwa ba makawa, kuma raga in ta naɗe ƙafar mai iyo ta fi ƙugiya muni. Guntayen ragar da suka tsinke a kwashe su a fito da su, don suna ci gaba da kashe kifi a banza.

Gura da birgi

Gura keji ne na sanduna da aka lulluɓe da raga, faɗi a ƙasa tsini a sama, da ƙofofi biyu ko uku masu shiga ba fita. Ana sa dunƙulen dusa da aka dafa ko ƙuli-ƙuli a ciki, a danne ta da dutse a ruwan da bai wuce cinya ba. Sharaɗin da ake yawan mantawa: kanta ya fito sama da ruwa ko da kamu ɗaya, don abin da ya shiga ya samu iska. In an kiyaye wannan, gura ce kaɗai ke ba ka kifi da rai ba rauni, har ka zaɓi manya ka saki ƙanana. Da yamma ake kafawa, da safe a duba, ba ruwanka da duhu. Guda ɗaya arha ce, mai hannu ma yana haɗa ta da kansa, sai dai ba ta da tasiri sai sun kai goma ko fiye. Yawancin abin da take kamawa matsakaita ne, babbar tarwaɗa ba ta cika shiga ba. A leƙa kafin a sa hannu, maciji ma yana shiga. Jera su a tare mashigar ruwa gaba ɗaya kuwa yana yanke wa tabki iri, kuma yana jawo rigima da sauran masunta.

Birgi, ragar da ake wurgawa ta buɗe ta rufe kifi, ba na mai farawa ba ne. Jifansa sai an yi watanni, yana son ƙasa mai tsabta, kuma in ya maƙale da dare sai an nutsa an ciro shi.

| Kaya | Kuɗin farawa | Ƙarko | Sauƙin koyo | Shiga ruwa | Kifin da safe | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fatsa ta turke | Kaɗan ƙwarai | Sabon zare duk shekara | Dare ɗaya ko biyu | A'a | Da rai | Yankan zare, sauro, maciji a gaɓa |
| Sanda mai faifai | Mai yawa | Ya danganta da kula, ba kayan gyara | Kwana biyu ko uku | A'a | Da rai | Karyewa, ƙura |
| Mari-mari mai koto | Matsakaici | Igiya tana shekaru | Makonni, mutum biyu | I | Yawanci da rai | Ƙugiya ta ja mutum, sata |
| Kalli | Mai yawa | Gajere, kullum ɗinki | Sai an bi gwani | I | Da yawa matattu | Naɗe ƙafa, asarar raga |
| Gura | Kaɗan kowace ɗaya | Sandunan na ruɓewa | Mai sauƙi | Da rana, gefe kawai | Da rai, ba rauni | Tsargiya, sata |

Wa ya dace da wanne

Ma'aikaci ko ɗalibin da ke fita daren Asabar don sha'awa da ɗan abin miya, fatsa huɗu ta ishe shi. Ya ƙara da tocila ta goshi, filaya, riga mai dogon hannu, maganin sauro na shafawa da rufaffen takalmi, don kububuwa da kunama da dare suke yawo. Ya zaɓi wurinsa tun da sauran rana, ya share ciyawar da zai zauna, kuma kada ya je shi kaɗai. Lokacin da ya fi masa shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya fara ja, da kuma bazara. A tsakiyar hunturu ruwa ya yi sanyi, tarwaɗa ba ta cika ci ba. A farkon damina kuwa tana hawa ciyawa ta zuba ƙwai, kamun ta da sauƙi a lokacin, amma kifin baɗi ke nan ake kwashewa.

Wanda zuciyarsa ta tsaya a kan sanda mai faifai, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba, ya sayi gajeriya, ya nemi tabkin da ke da giwan ruwa da buɗaɗɗiyar gaɓa, ya kuma kafa fatsa biyu a gefe don kada ya dawo hannu rabbana.

Mai lambu a bakin tabki, wanda kullum yana wurin safe da yamma, gura ce tasa. Ba ta hana shi ban ruwa, idonsa yana kanta, dusa kuma yana da ita a gida. Ya dai kula da fitsarinsa, in ya ga jini ya je likita, tsargiya tana da magani.

Wanda zai ci abinci da kamun kifi, ya iya iyo, yana da abokin aiki da gora ko jirgi, yana da takardarsa, kuma tarwaɗa mai rai yake son kai wa kasuwa, mari-mari mai koto ya fi masa. Ya fara da ƙugiya 30 kafin ya ƙara, kuma duk shigar da zai yi ya ɗaura jarkar lita 20 rufaffiya da igiya a ƙugunsa. Kalli na wanda ya taso cikin sana'ar su ne, yana neman karfasa da yawa, ya san ƙasan tabkin tun yana busasshe, yana iya ɗinki, kuma yana da wurin banda a kusa da gaɓa don abin da ya tarar ya mutu.